Me ya sa mai rage cin abinci ke jin sanyi? Tambayoyi da amsoshi kan kalori da ɗumin jiki

Mutum ya ƙudura zai rage ƙiba, ya tsuke bakinsa, bayan mako uku sai ya ga yana laluben bargo a ɗakin da kowa ke fifita. Wani kuma ya ci nama ya ƙoshi, gumi ya keto masa alhali ko tsinke bai ɗaga ba. Tushen abin ɗaya ne: ɗumin da ke jikinmu daga abinci yake fitowa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wai mene ne kalori, kuma me ya haɗa shi da zafi?

Kalori ma'aunin zafi ne tun asalinsa, kafin ya zama lambar da ake lekawa a bayan kwalin abinci. Kalori ɗaya irin wanda ake rubutawa a kwali, wanda masana ke kira kilokalori, shi ne adadin zafin da zai ɗaga lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, furotin (sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da wake) ma 4, mai 9, barasa 7. Wilbur Atwater ne ya daidaita wannan lissafi a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, kuma da shi ake aiki har yau.

Tun kafin shi, a farkon shekarun 1780, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace a Faransa sun sa wata ƙaramar dabba dangin ɓera cikin akwatin da aka kewaye da ƙanƙara. Suka auna ruwan da ya narke saboda ɗumin jikinta, suka gwada da wanda gawayi mai ci ke narkarwa. Abin da suka gano shi ne dabba mai numfashi da gawayi mai ci aiki iri ɗaya suke yi, ita dai tata wutar a hankali take ci, ba harshe ba hayaƙi. Kusan duk kalorin da jiki ya ƙona, zafi yake komawa a ƙarshe. Baligi a zaune kawai yana fitar da ɗumin da ya kai wat 80 zuwa 100, kwatankwacin tsohon ƙwan lantarki. Shi ya sa ɗaki ke ɗaukar zafi idan jama'a suka cika shi.

A wane sashe na jiki ake wannan ƙonawar?

A ko'ina, amma hanta da ƙwaƙwalwa da tsoka da zuciya da ƙoda su ne manyan murahu. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin ɗari ce kawai na nauyin mutum, amma tana lashe kusan kashi 20 na kalorin da yake ƙonawa a hutu. Aikin da gaɓoɓin ciki ke yi ko mutum na barci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 na kalorin yini. Motsa jiki, duk da yawan zancensa, ga yawancin mutane rabonsa bai kai haka ba.

Tun da na rage abinci nake jin sanyi. Zafin jikina ne ya sauka da gaske, ko ji ne kawai?

Duka biyun, amma ba daidai wa daida ba. Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka bari a tsaya a kai.

Jiki yana da zafi iri biyu. Akwai na can ciki, inda zuciya da hanta da ƙwaƙwalwa suke, wanda ke zama kusa da digiri 37. Akwai kuma na fata da yatsu, wanda ke hawa da sauka da digiri da yawa a yini guda. Wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus shi ke gadin na ciki, kuma ba ya wasa da aikinsa. Idan ya ga ɗumin da ake samarwa ya ragu, abu na farko da zai yi shi ne ya matse ƙananan hanyoyin jinin da ke fata, musamman na hannu da ƙafa da hanci da kunne, don kada jini mai ɗumi ya je can ya huce. Su kuwa jijiyoyin da ke kai wa mutum labarin sanyi yawancinsu a fata suke. To ka ga, cikinka na nan kusan yadda yake, yatsunka ne aka sadaukar, su kuma suke ta kai ƙara.

Na cikin ma yana ɗan sauka. A 2011 masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba mutane wata ƙwaya mai ma'aunin zafi suka haɗiye, tana aiko da rahoto dare da rana. Waɗanda suka shekara kusan shida suna taƙaita kalori, zafin cikinsu ya gaza na sauran da kimanin digiri 0.2. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne rukuni na uku: 'yan gudun dogon zango, sirara kamar masu taƙaita abincin, amma suna ci sosai. Nasu zafin bai sauka ba. Wato ƙarancin abin da ke shiga ciki ne ya sauke shi, rashin kitse kaɗai bai isa ba.

Digiri 0.2 kuwa ƙarami ne ƙwarai. Ko ba a rage komai ba, zafin jikin mai lafiya yana sauyawa da kusan rabin digiri ko fiye tsakanin asuba da yamma.

Ta yaya jiki ke sanin an rage masa abinci?

Kitse da kansa yake kai rahoto. Yana fitar da wani homon, wato sinadarin da ke kai saƙo ta cikin jini, mai suna leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller a 1994. Da zarar abinci ya yi ƙaranci, leftin yakan faɗi cikin 'yan kwanaki, tun ma kafin a ga rama a ido. Ƙwaƙwalwa na samun wannan labari sai ta shiga tsimi: homon mai ƙarfi na tayirod (wata 'yar gaɓa ce a gaban wuya), wanda ake kira T3, ya ragu, bugun zuciya ya lafa, mutum ya rage kai-komo ba tare da ya lura ba. Idan abin ya daɗe, tsoka ma ta zaizaye, murhu ya ƙanƙance ke nan.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne gwajin yunwa na Jami'ar Minnesota, wanda Ancel Keys ya jagoranta daga 1944 zuwa 1945, lokacin da ake neman sanin yadda za a farfaɗo da waɗanda yunwar Yaƙin Duniya na Biyu ta galabaita. Samari 36 ne suka ba da kansu. Aka sauke abincinsu daga kalori kusan 3,200 a rana zuwa kusan 1,570 har tsawon mako 24, ga tafiyar ƙafa ta kilomita 35 duk mako. Suka rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Kalorin da jikinsu ke ƙonawa a hutu ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Wani ɓangare saboda jikin ya ragu, wani kuma saboda abin da ya saura ya rage ci. Bugun zuciyarsu ya sauko daga kusan 55 zuwa 35 a minti. A tsakiyar watan Yuli, lokacin da garin ke zafi, suna neman ƙarin barguna suna sa rigunan sanyi. Abinci in ba ya turiri ba sa so, kofi kuwa sai da aka yi masu iyakar kofi tara a rana saboda yadda suke kwankwaɗarsa.

To jin sanyin alama ce cewa kitse na narkewa?

A'a. Ana yawan faɗar haka don a ƙarfafa wa masu rage ƙiba gwiwa, amma ban ga dalilin murna a ciki ba. Jin sanyi yana nuna jiki ya ga giɓi ya fara tsuke aljihu. Ɗan sanyin yatsu a makonnin farko ba abin tayar da hankali ba ne. Amma wanda sai ya sa safa biyu kafin ya iya barci, ga kasala, ga gashi na zubewa, ya wuce gona da iri, kuma jikin da ya shiga irin wannan tsimi ya fi wuyar ci gaba da ramewa.

Na ji an ce ƙarancin zafin jiki na ƙara tsawon rai.

A ɓeraye an ga haka. A 2006 masu bincike a cibiyar Scripps da ke Kalifoniya sun samar da ɓerayen da zafin cikinsu ya gaza na sauran da digiri 0.3 zuwa 0.5, ba tare da an rage masu abinci ba, sai mazan suka ƙara kwana da kusan kashi 12 cikin ɗari, matan da kusan 20. Ɓeraye ne dai a keji, a ɗakin da ba cuta ba farauta. Wannan bai zama hujjar mutum ya riƙa horar da kansa da yunwa yana rawar ɗari ba.

Me ya sa nake gumi bayan na ci nama da yawa?

Narkar da abinci ma aiki ne, kuma yana da kuɗin hannu. Kusan kashi 10 cikin ɗari na kalorin da aka ci a rana yana tafiya ne wajen narkarwa da tsotsewa da adanawa, duk ya fita a matsayin zafi. Sai dai kowane nau'in abinci da nasa harajin. Furotin shi ne mai tsada: kashi 20 zuwa 30 na kalorinsa a nan yake ƙarewa, domin hanta sai ta wargaza shi ta kuma sarrafa dattin da ya bari. Sitaci da sukari kashi 5 zuwa 10. Mai kuwa kusan kyauta yake wucewa, bai fi kashi 3 ba. Wanda ya ci kalori 600 na furotin zalla, tsakanin 120 da 180 za su tashi a zafi cikin awannin da ke biye. Shi ya sa cin abinci mai nauyi dab da kwanciya ke hana wasu barci mai daɗi, domin jiki na son ya ɗan huce kafin barci ya kama shi sosai.

Idan na ƙara cin abinci, zan daina jin sanyi?

Idan dama ƙarancin abincin ne ya jawo, ƙwarai kuwa, kuma sau da yawa cikin kwanaki kaɗan. Idan kuwa kana ci daidai da buƙatarka, ƙarin ba zai mayar da kai murhu ba, yawancinsa ajiya zai tafi. A 1999 James Levine na asibitin Mayo a Amurka ya ba mutum 16 ƙarin kalori 1,000 kullum har mako takwas. Kitsen da suka tara ya bambanta har ninki goma tsakanin wanda ya fi da wanda ya gaza. Waɗanda ba su tara sosai ba, an gano jikinsu ya ƙara ƙananan motsi ne, su tashi, su zauna, su gyara zama, su kaɗa ƙafa. Ta nan rarar ta fita.

Mai ƙiba ya fi siriri jin ɗumi?

Kitsen ƙarƙashin fata bargo ne, ba ya barin ɗumin ciki ya fita da sauri, kuma an fi ganin amfaninsa a cikin ruwan sanyi. Amma bargo ba ya hura wuta. Tsoka ce ke samar da ɗumi. Saboda haka za ka iya samun mai teɓa yana kukan sanyi, siriri mai tsoka ko a jikinsa.

Ni mace ce, kullum hannuwana da sanyi, maigidana kuwa ko riga ba ya so. Abinci ne?

Ba lallai ba. A matsakaici mata sun fi maza ƙarancin tsoka da ƙaramin jiki, don haka ɗumin da suke samarwa bai kai na maza ba, kuma hanyoyin jinin yatsunsu sun fi saurin matsewa. Zafin cikin mace kuwa bai gaza na namiji ba. Bayan fitar ƙwan haihuwa ma yakan ƙaru da digiri 0.3 zuwa 0.5 har zuwa lokacin al'ada. Abin da za ki lura da shi shi ne sauyi. Idan haka kike tun da, halittarki ce. Idan kuwa sanyin sabo ne, ya zo bayan kin rage abinci, sannan al'adarki ta fara tsallake ko ta ɗauke, to jikinki na cewa abin da yake samu bai ishe shi ba, kuma wannan maganar likita ce. Haka idan jinin al'ada na zuba da yawa, a duba ƙarancin jini.

Zama cikin sanyi ko shan ruwan ƙanƙara na ƙona kalori?

Na ruwan, lissafinsa a fili yake. Rabin lita mai digiri 5, jiki zai ɗumama shi zuwa 37: digiri 32 sau rabi, kalori 16 ke nan. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari ya biya shi.

Sanyin gaske kuwa yana ci. Makyarkyata mai ƙarfi na iya ninka ɗumin da jiki ke samarwa har sau huɗu ko biyar, sai dai ba wanda zai jure ta na dogon lokaci. Akwai kuma wani kitse mai launin ƙasa-ƙasa wanda aikinsa ƙona kalori ya mai da shi zafi kai tsaye. Jarirai suna da shi da yawa, tun da ba su iya makyarkyata sosai ba. An daɗe ana zaton yana ɓacewa idan an girma, sai a 2009 bincike daban-daban suka tabbatar manya ma suna da ɗan saura a gindin wuya da kewayen ƙashin kafaɗa. Ɗan kaɗan ne dai, kuma sanyin da ya tashe shi yakan tayar da yunwa ma.

Inda sanyi da wahala suka haɗu, lissafin yakan fita hankali. Ranulph Fiennes da Mike Stroud, 'yan Birtaniya, sun ja kayansu da ƙafa a kan ƙanƙarar Antatika daga ƙarshen 1992 zuwa farkon 1993. Suna cin fiye da kalori 5,000 a rana, amma kowannensu ya dawo ya rasa fiye da kilo 20.

Me ya sa ba na son abinci idan ana zafi?

Saboda ci ƙarin wuta ne a jikin da ke fafutukar hucewa. Haifotalamus ɗin da ke kula da zafi shi ne kuma ke kula da yunwa, ba mamaki hannu ɗaya ya san abin da ɗayan ke yi.

Barkono, shayi mai zafi, barasa: wanne ke ɗumama jiki da gaske?

Sinadarin da ke cikin barkono yana taɓa jijiyar da aikinta jin zafi ne, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka wuta ce, ta saki gumi. David Julius ne ya gano wannan maɓalli a 1997, kuma yana cikin aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2021. Kalorin da barkono ke ƙara ƙonawa kaɗan ne, gumin kuma sanyaya mutum yake yi. Abin sha mai zafi yana ɗumama hannu da baki da ciki na ɗan lokaci. Idan da sukari ko madara a ciki, ya kawo itace ma.

Barasa ce mayaudariya. Tana buɗe hanyoyin jinin fata, fuska ta yi ɗumi, mai sha ya ji daɗi, alhali ɗumin cikinsa ne ke tsiyayewa waje. Tana kuma dakushe makyarkyata da hankalin neman mafaka. Da yawa daga cikin waɗanda sanyi ke kashewa a waje ana samun barasa a jininsu.

Magungunan da ake cewa suna ƙona kitse ta hanyar ƙara zafin jiki fa?

Yawancinsu sinadarin kofi ne da ɗan barkono a kwalba mai tsada. Wanda ke yin aikin da gaske kuwa guba ne. Sunansa DNP. An fara lura da shi a masana'antun harsashi na Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ma'aikata suka riƙa ramewa suna gumi, wasu suka mutu. A 1933 aka fara sayar da shi a Amurka a matsayin maganin ƙiba, a 1938 aka hana, bayan ya jawo yanar ido da mace-mace. Yana sa ƙwayoyin jiki su ƙona abinci ba tare da sun samu ƙarfin aiki ba, komai ya tafi a zafi, kuma haifotalamus ba shi da ikon kashe wannan wutar. Babu makarinsa. Har yau ana sayar da shi a ɓoye ta intanet, har yau yana kisa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Mai zazzaɓi ya kamata ya ci abinci?

Ya ci gwargwadon abin da ransa ya karɓa, ya sha ruwa sosai. Kowane digiri ɗaya da zazzaɓi ya ƙara yana ɗaga ƙona kalori da kusan kashi 10 cikin ɗari ko ɗan fiye. Hana shi abinci ba ya sauke zazzaɓin.

Su wa ƙarancin abinci ya fi jefawa cikin haɗarin sanyi?

Ƙananan yara masu tamowa da tsofaffi. Yaro mai tamowa mai tsanani ba shi da kitse, ba shi da tsoka, ba shi da ajiyar sukari a hanta, don haka zafin jikinsa na iya faɗuwa ko a ɗakin da babba ke jin daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa faɗuwar sukari da faɗuwar zafin jiki a sahun farko na abin da ake magancewa, domin tare suke zuwa. Idan ma'auni ya nuna ƙasa da digiri 35 a hammata, lamarin gaggawa ne: a lulluɓe shi har kai, uwa ta rungume shi fata da fata, a riƙa ba shi abinci duk awa biyu har cikin dare, a kuma kai shi asibiti. Tsofaffi kuwa ci ya ragu, tsoka ta ragu, sannan ba sa jin sanyin da wuri, sai ya yi masu illa kafin su yi kuka. Masu cutar ƙin cin abinci don tsoron ƙiba ma suna cikin wannan sahu; har wani lallausan gashi kan tsiro masu a baya da hannuwa.

Ina ci sosai amma sanyin bai bar ni ba. Me zan duba?

Raunin tayirod shi ne na farko, musamman idan da kasala, bushewar fata, taurin bayan gida da ƙaruwar nauyi. Sai ƙarancin jini, wanda ke zuwa da haki da jiri. Akwai cutar Raynaud, inda yatsu ke yin fari fat, sannan shuɗi, sannan ja idan jini ya dawo. Ciwon suga da ya daɗe yana lalata jijiyoyin ƙafa har mutum ya ji sanyi a ƙafar da ke da ɗumi idan an taɓa. Wasu magungunan hawan jini ma suna sanyaya yatsu, haka shan taba. Gwajin jini mai sauƙi yana warware biyun farko. Ƙafa ɗaya tak da ta yi sanyi farat ɗaya, da ciwo da sauyin launi, ba a kwana da ita a gida.

Ina so in rage ƙiba ba tare da na daskare ba. Yaya zan yi?

Ka rage kaɗan-kaɗan. Giɓin kalori 300 zuwa 500 a rana ya isa yawancin mutane, kuma jiki ba ya firgita da shi kamar yadda yake firgita idan an raba abinci biyu dare ɗaya. Kada furotin ya yi ƙaranci, don yana kare tsoka yana kuma ba da ɗumi. Ka riƙa ɗaga abu mai nauyi ko wani motsin da ke wahalar da tsoka sau biyu ko uku a mako. Idan sanyin ya dame ka a zaune, tafiyar minti goma ta fi ƙarin riga saurin aiki. In kuwa ya kai ga hana ka barci, ka koma cin abin da zai riƙe nauyinka na mako ɗaya ko biyu kafin ka ci gaba.

Zan iya auna zafin jikina kullum don in san ko ina cin isasshe?

Ma'aunin gida ba zai gaya maka wannan ba. Sauyin da ake nema bai wuce digiri 0.2 ba, kuskuren ma'aunin kansa ya kai haka. Lambar 37 ɗin ma matsakaici ce da likitan Jamus Carl Wunderlich ya fitar a 1868. Awon da aka sake yi a Amurka a 1992 ya ba da 36.8, kuma masu lafiya da yawa suna zaune ƙasa da haka. In dai sai ka auna, ka yi da asuba kafin ka sauko daga gado, da ma'auni ɗaya, a wuri ɗaya na jiki, ba bayan ka sha wani abu ba, sannan ka kwatanta mako da mako, kada ka kwatanta yau da jiya.